Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi Kan Darasin Turanci A Makarantun Sakandare

Zuwa ga Mai Girma Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad.

Ranki ya daɗe, wannan takarda tana tafe ne da maganar darasi guda ɗaya, wato Turanci a manyan makarantun sakandare. An rubuto ta da Hausa, an kuma aiko ta ga mai girma Minista, saboda ita 'yar gida ce a wannan zance. Ta koyar a Jami'ar Bayero, ta shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta san irin malaman da ake yayewa da irin azuzuwan da ake tura su. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Shekarar 2025 ta nuna wa kowa nauyin wannan darasi. Ranar 28 ga Mayu, ɗaliban da ke rubuta jarrabawar WAEC suka zauna jiran takardar Turanci, a wurare da dama ba ta iso ba sai da duhu ya shiga. Washegari hotuna suka bazu: yara 'yan shekara goma sha shida zuwa sha bakwai sun duƙufa kan tebur suna rubuta insha'i da hasken tocila, iyaye kuma suna cirko-cirko a bakin ƙofar makaranta cikin dare. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe kafar satar tambayoyi ne ya jawo jinkirin.

Ranar 4 ga Agusta sakamako ya fito. Cikin ɗalibai 1,969,313 da suka zauna, 754,545 ne kawai, wato kashi 38.32 cikin ɗari, suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 adadin ya kai kashi 72.12. Gidaje da yawa sun kwana cikin baƙin ciki. Bayan kwana huɗu shugaban ofishin hukumar a Najeriya, Dokta Amos Dangut, ya fito ya amsa cewa an tafka kuskure wajen duba takardar Turanci ta zaɓen amsa, domin an auna ta da amsoshin da ba nata ba. Da aka gyara, waɗanda suka tsallake suka koma 1,239,884, kashi 62.96 ke nan. Kuskure a takarda ɗaya ta darasi ɗaya ya so ya zaunar da yara kusan rabin miliyan a gida. Ko da ma'aikatar ilimi ta sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu a watan Oktoba, har ta ɗage wajabcin kiredit ɗin Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da makamantansu, Turanci yana nan daram a matsayin ƙofar shiga jami'a ga kowa da kowa, daga mai son likitanci har mai son nazarin Hausa.

Cikin shekarar 2025 dai sauye-sauye suka yi ta fitowa daga Abuja. An sanar da sabuwar manhajar da hukumar NERDC ta tsara, wadda ta rage darussan babbar sakandare zuwa takwas ko tara. An sanar da niyyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta daga 2026. A watan Nuwamba kuma, bayan taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Akure, babban Minista Dokta Tunji Alausa ya bayyana soke manufar harshe ta 2022, ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazire har jami'a. Rage yawan darussa abu ne mai kyau, kuma ma'aikata ta cancanci yabo a kansa, domin yaron da ke ɗauke da darussa barkatai ba ya ƙoshi da ko ɗaya. Tambayar da iyaye da malamai ke yi ita ce: ranar Litinin da safe, in malamin Turanci ya shiga aji, me ya canja?

Mai girma Minista ta san ajin da ake nufi. Aji biyu ne na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo. Benci na mutum uku ya ɗauki biyar, wasu suna zaune a ƙasa, wasu a kan taga. Malam ya shigo da alli da littafi ɗaya, shi ne kaɗai littafin da ke ajin. Ya juya baya ya cika allo da alamomin furuci, waɗannan haruffa masu kama da zane da ake sawa tsakanin sanduna biyu, a gaban kowace alama ya jera kalmomi uku. Yara suka kwafa. Ya karanta, suka maimaita da murya ɗaya, na baya suna bin leɓen na gaba. Kafin a gama kwafe allon aka buga ƙararrawa. A cikin waɗannan mintuna arba'in babu ɗalibin da ya ƙulla jimla tasa ta kansa, da baki ko da alƙalami, babu kuma wanda ya karanta sakin layi ɗaya na labari. Gobe za a yi nahawu ta wannan hanya, jibi kuma ka'idojin rubuta wasiƙar neman aiki, a haddace adireshi a sama da sa hannu a ƙasa.

Ba za a ga laifin malamin nan shi kaɗai ba, domin abin da jarrabawa ke nema shi yake koyarwa. Turancin WAEC takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 80 na zaɓen amsa a kan kalmomi da ginin jimla. Ta biyu insha'i da fahimtar rubutu da taƙaitawa, ita ce mai maki 100. Ta uku kuwa ita ce ta furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45. A Gana da Gambiya da Saliyo ana kunna wa ɗalibai murya su saurara su amsa. A Najeriya a rubuce ake yin ta gaba ɗaya, cikin shiru. Ɗalibi yana iya cinye ta bai taɓa jin yadda ake furta kalmomin ba, wani kuma yana iya jin Turanci sarai ya faɗi don bai haddace alamomin ba. Muddin haka jarrabawar take, haka malamai za su ci gaba da cika allo da alamomi, ko da an sauya manhaja sau goma.

Batun insha'i ya fi wannan ciwo. Ana so ɗalibi ya rubuta kalmomi kamar 450. Cikin maki 50 na wannan sashe, 20 na kan iya sarrafa harshe, 10 kuma na kan tsabtar rubutu, inda kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alamar tsayawa ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman nan kakaf, kuma yaron da bai saba rubutu ba yakan yi su tun bai gama shafin farko ba. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar suna nanata koke iri ɗaya shekara da shekaru: rashin iya harhaɗa haruffa, rashin sa alamomin rubutu, kwafo jimloli sukutum daga nassi a wurin taƙaitawa. Shawararsu ma ba ta canjawa, wato a sa yara su yi karatu da yawa, su yi rubutu a kai a kai, a duba musu.

To wa zai duba? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40. A ƙaddara malami yana da azuzuwa huɗu, kowanne da ɗalibai 80, wanda ba abin mamaki ba ne a manyan garuruwan Arewa. In ya ba da insha'i ɗaya, takardu 320 ne za su bi shi gida. In ya ba kowace minti biyar kacal, yana buƙatar kusan awa 27, ban da shirya darasi, ban da tsayuwa a aji, ban da 'yar sana'ar da yake yi da yamma don albashi ba ya kai ƙarshen wata. Abin da ke faruwa shi ne ya ba da insha'i ɗaya a zango, ya ja jan biro a ƙasan shafi ya rubuta maki, ko kuma kada ya bayar sam. Ta haka ɗalibi ke gama shekara uku a babbar sakandare ba a taɓa zama da shi an nuna masa inda jimlarsa ta karye ba. Daga nan iyaye masu hali su nufi cibiyoyin da ake sayen sakamako, marasa hali kuma su sake biyan kuɗin jarrabawa shekara ta zagayo.

Akwai wani gibi da ba a cika magana a kansa ba. A sakandarenmu darasin Turanci daban, darasin adabin Turanci daban, kuma na biyun zaɓi ne da galibi 'yan ajin adabi ke ɗauka. Su ne suka karanta The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Second Class Citizen na Buchi Emecheta a jerin littattafan 2021 zuwa 2025. Ɗalibin kimiyya ko na kasuwanci yana iya fita daga makaranta bai karanta ƙagaggen labari ɗaya da Turanci daga bango zuwa bango ba. Hukumar JAMB ta yi ƙoƙarin cike gurbin da littafi guda na dole, irin su Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025. Niyyar mai kyau ce, sai dai littafin yana zuwa hannun yaro ana saura 'yan makonni jarrabawa, don haka da yawa sukan nemi taƙaitaccen bayani da jerin tambayoyi a waya su haddace.

Kada a ce yaran Arewa ba sa son karatu. Duk wanda ya san gidajenmu ya san 'yan matan da ke cinye littafin Hausa mai sassa uku a kwana biyu, da can na takarda da ake haya a kasuwa, yanzu kuma a waya. Waɗanda suka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko littattafan Balaraba Ramat Yakubu ba malami ne ya tsaya musu da bulala ba. Labarin ne ya ja su. Wannan ɗabi'a dukiya ce da makaranta ta bari tana zuba a banza. Kuma akwai littattafan Turanci da yaron Gumel ko na Gusau zai ga kansa a ciki: The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass na Cyprian Ekwensi, The Stillborn na Zaynab Alkali, Witnesses to Tears na Abubakar Gimba. Yaron da ya san ƙasar da labarin ke gudana da halin mutanenta, da kalmomin kawai zai yi fama, kuma wannan faman shi ne koyon harshe.

Ranki ya daɗe, a nan ne maganar soke manufar harshe ta shigo, kuma ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai. Hujjar da aka bayar ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da suka rungumi koyarwa da harshen uwa. Manufar da aka soke an amince da ita ne a ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bayan haka, a 2025 bai wuce aji uku ba. Waɗanda suka zauna WAEC a 2025 sun shiga firamare ne wajajen 2013. Manufar 2022 ba ta taɓa su ba, kuma ko a azuzuwan da ya kamata ta taɓa, littattafai da horon malaman da za su aiwatar da ita ba su kai yawancin makarantu ba.

Gaskiya ne malamai a Arewa suna yin Hausa a aji, har a sakandare, kuma ba wanda zai musa wannan. Sai dai a tambayi dalili. Malami yana komawa Hausa ne don ya ga idanun yara sun nuna ba su gane ba, wani lokaci kuma don nasa Turancin ya ƙare. Abin da ake yi a irin wannan aji bai kai a kira shi koyarwa da harshen uwa ba. Allo da Turanci, littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, bayani kawai ake yi da Hausa da baki. Yaron ya tashi bai iya karanta Hausa da kyau ba, bai kuma iya Turanci ba. In aka hana malamin nan yin Hausa gobe ba tare da an ƙara masa komai ba, ɗan abin da yaran ke kamawa ma zai tafi. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta gwada malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyi na matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. An yi ta gardama kan yadda aka gudanar da gwajin da korar da ta biyo baya, amma adadin ya nuna inda ciwon yake, kuma sanarwa daga Abuja ba ta warkar da shi.

Ƙasar nan ta taɓa gwada abin a aikace. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi, a hannun malaman da aka horar musamman dominsa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi fice. Darasin da ke cikin wannan gwaji kashi biyu ne, kuma mutane sukan ambaci kashin farko su manta na biyu: an koyar da harshen gida, sannan an ɗauki Turanci da muhimmancin da har aka ware masa ƙwararru. A shekarun baya-bayan nan ma shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, sun horar da malamai. Kayan aikin suna nan, bai kamata a jingine su ba.

Tarihin Arewa ma shaida ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 ya yi jawabin da ake misali da tsabtar Turancinsa, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa a gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ɗan Kwalejin Katsina ne kamar shi. Gwanintarsu a Hausa ba ta rage musu komai a Turanci ba. Sun sami malamai ƙwararru, da azuzuwa marasa cunkoso, da littattafai a hannu. Kaɗan ne suka sami wannan gata a zamanin, aikin yau kuwa shi ne a kai shi ga miliyoyi.

Iyayen Arewa suna son 'ya'yansu su iya Turanci, har talaka yana tsame kuɗin abinci ya kai yaro makarantar kuɗi don ya ji yana yi. Saboda haka burin ma'aikata da burin iyaye ɗaya ne, kan hanya ake da saɓani. An san yawancin makarantun sakandare na jihohi ne, gwamnoni ne ke ɗaukar malamai, su ne ke biyan su. Amma manhaja a hannun tarayya take, haka rajistar malamai da ka'idojin kwalejojin ilimi, NECO ta tarayya ce, a WAEC ma muryar Najeriya ba ƙarama ba ce. Abin da jarrabawa ta tambaya shi malami zai koyar, a Birnin Kudu ko a Badagiri.

Don haka roƙon farko shi ne a shigar da karatun cikakkun littattafai cikin darasin Turanci na kowane ɗalibi, na kimiyya da na adabi, ko da littafi ɗaya ne a kowane zango, a kuma sa tambayoyi a kansu ta yadda haddar taƙaitaccen bayani ba za ta fisshe mutum ba. Littattafai tara ke nan kafin yaro ya fita. Ba sai kowane ɗalibi ya saya ba. In makaranta tana da kwafi arba'in na kowane littafi, azuzuwa za su yi karɓa-karɓa. Kuɗin wannan bai kai na ginin ɗakin kwamfuta ɗaya ba, kuma ba ya jiran wutar lantarki.

Sai a dubi takardar furuci. Tunda Gana na iya kunna murya a ɗakin jarrabawa, Najeriya ma za ta iya, kuma in har za a koma kwamfuta, wannan ce takardar da ta fi dacewa a fara da ita. Insha'i kuwa a yi masa a hankali. Yaron da bai taɓa aza yatsa kan madannin kwamfuta ba, in aka ce ya buga kalmomi 450 cikin ƙayyadadden lokaci, saurin yatsunsa za a auna, kuma ɗan ƙauye ne zai biya kuɗin wannan gaggawa.

Malamin Turanci kuma a ɗauke shi a matsayin mai aiki na musamman. A ƙayyade yawan ɗaliban da zai riƙe yadda zai iya duba rubutunsu, a fara da makarantun tarayya don jihohi su ga misali, a daina cike gurbinsa da duk ɗan bautar ƙasa da aka turo ko me ya karanta. Horon da za a ba shi ya zama na ƙarfafa nasa Turancin, na baki da na rubutu, tsawon lokaci, domin taron bita na kwana uku a otal ba ya gyara harshen mutum.

Game da manufar harshe, alkaluman da aka dogara da su wajen soke ta a fito da su fili, jiha-jiha, takarda-takarda, masana na Bayero da Ahmadu Bello da Ife da Nsukka su duba, a ga ko harshen koyarwa ne ya kayar da yara ko cunkoso da rashin malamai da rashin littafi. Majalisar Ilimi ta Ƙasa tana zama duk shekara, kuma abin da ta zartar tana da ikon sake dubawa.

Ranki ya daɗe, mai girma Minista tana zaune a teburin da ake yanke waɗannan shawarwari, kuma tana cikin 'yan kaɗan a wurin da suka san ajin nan mai benci ɗaya mutum biyar da idonsu. Ana roƙon ta kai maganar littattafai da yawan ɗaliban malamin Turanci gaban zaman majalisar na gaba, ta kuma nemi a dakata da rubuta insha'i a kwamfuta har sai makarantun karkara sun shirya. Allah ya yi jagora, ya sa a gama lafiya.